Yaran Jamus da suka ƙi bin Hitila: me ya sa ake tuna wasu, aka manta da wasu?

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Ranar 10 ga Nuwambar 1944, 'yan sandan ciki na gwamnatin Hitila, waɗanda ake kira Gestapo, suka kafa katako a gefen layin dogo a unguwar Ehrenfeld da ke birnin Kolon, suka rataye mutum 13 a bainar jama'a ba tare da an kai ko ɗayansu gaban alƙali ba. Shida daga cikinsu yara ne masu shekara 16 zuwa 18. Ɗaya sunansa Barthel Schink, yaron da ke koyon aikin rufin gida, saura kwana 17 ya cika shekara 17. Kolon ɗin nan fa ita ce dai wadda tsofaffin masu sauraron sashen Hausa na DW suka sani, don daga can ake watso shiri kafin tashar ta koma Bonn a 2003.

In ka tsayar da Bajamushe a titi ka ce ya faɗa maka matashin da ya yi wa Hitila tsayin daka, kafin ka rufe baki zai ce Sophie Scholl. Akwai makarantu kusan 200 a Jamus masu ɗauke da sunanta ko nata da na yayanta Hans. Shi kuwa Barthel da abokansa, sai da aka shekara 60 hukuma tana riƙe da su a matsayin ɓarayi. Gwamnati ɗaya ce ta kashe su duka. Wannan bambancin shi nake so mu duba, amma bari mu faro daga tushe.

Hitila ya hau mulki a Janairun 1933, kuma tun da wuri ya gane cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aka rusa ƙungiyoyin matasa na jam'iyyun hamayya da na 'yan yawon daji, na coci ma aka bi su da matsi har suka durƙushe. A Disambar 1936 aka yi doka cewa ƙungiya ɗaya ce ta matasan ƙasa, wato Matasan Hitila, a Maris ɗin 1939 kuma shigarta ta zama tilas ga kowane yaro da yarinya daga shekara 10 zuwa 18. Lokacin da yaƙi ya ɓarke, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, 'yan ƙungiyar sun kai wajen miliyan 8.

Kada mu ruɗi kanmu, da farko yara sun so abin. Ga kaki, ga ganga, ga fita daji a kwana a tanti, ga damar da yaro zai ɗaga wa malaminsa ko ubansa murya da sunan yana kishin ƙasa. Hans da Sophie Scholl su kansu da gudu suka shiga, har aka ba su shugabancin yara a garinsu Ulm, ubansu Robert Scholl yana ta faɗa suna ganin tsohon ya kasa gane zamani. Amma da manyan jagororin suka tafi fagen daga, sai aka bar ƙungiyar a hannun yara 'yan sakandare suna ba sa'anninsu oda, abin ya koma fareti da tsawa. Yaron da ya wuni yana aiki a masana'anta, ya dawo a gajiye, a ce ya zo wani ɗan boko sa'ansa ya sa shi tsallen kwaɗo? Daga irin wannan gundurar aka fara samun masu zamewa.

Mu fara da waɗanda duniya ta sani. Ƙungiyar Weisse Rose, wato Farin Wardi, 'yan jami'ar Munich ne, kuma jigoginta ba su wuce shida ba: Hans Scholl, Alexander Schmorell, Willi Graf da Christoph Probst, duk ɗaliban likitanci da ke cikin rundunar soja, sai Sophie mai karatun ilimin halittu da falsafa, sai malaminsu Farfesa Kurt Huber. Tsakanin Yuni da Yulin 1942 Hans da Schmorell suka buga takardu huɗu da tafireta, suka gurza kowace kamar kwafi ɗari, suka aika ta gidan waya ga malamai, likitoci, masu shagon littattafai da masu gidajen abinci. A takarda ta biyu suka rubuta ƙarara cewa tun da aka ci Poland an kashe Yahudawa dubu 300 a ƙasar, kuma duk Bajamushen da ya yi shiru yana da kaso a laifin. Ku riƙe wannan, don bayan yaƙi miliyoyi sun ce wai ba su san abin da ake yi ba. To yara 'yan jami'a sun sani tun 1942, har sun buga a takarda.

Abin da ya faru da takardun shi ne ya fi ba ni tausayi. Da yawa daga waɗanda aka aika wa, da ƙafarsu suka kai wa Gestapo. Wasu don biyayya, wasu don tsoron kada ya zama tarko ne aka ɗana musu a ga wanda zai ɓoye.

Daga ƙarshen Yuli zuwa Nuwambar 1942 aka tura Hans, Schmorell da Graf fagen yaƙin Rasha a matsayin masu jinyar sojoji. A hanya suka bi ta Warsaw, suka ga unguwar da aka killace Yahudawa. Shi Schmorell a Rasha aka haife shi, uwarsa 'yar can ce, yana jin yaren, don haka sun zauna da mutanen ƙauye sun ji ta bakinsu. Suna can aka ɗaure Robert Scholl wata huɗu saboda ya zagi Hitila a ofis wata ma'aikaciyarsa ta kai ƙara. Da suka dawo sai aikin ya canza salo. Takarda ta biyar, a Janairun 1943, an gurza ta dubbai. Ku tuna a lokacin yaƙi ne, sayen takarda da ambulan da kan sarki masu yawa kaɗai ya isa a sa maka ido, shi ya sa suke rarraba sayayyar gidan waya daban-daban. Sai su cika jaka su hau jirgin ƙasa zuwa Augsburg, Stuttgart, Salzburg, Linz da Vienna, su jefa wasiƙun a can, don hukuma ta zaci wata gagarumar ƙungiya ce da ta mamaye ƙasa. A cikin jirgi sai a ajiye jakar a wani tarago, a zauna a wani.

Sai ga Stalingrad. Ranar 2 ga Fabrairun 1943 ragowar runduna ta shida ta Jamus ta miƙa wuya, mutane suka fara raɗa cewa yaƙin nan fa ba nasara. Kafin nan, ranar 13 ga Janairu, shugaban jam'iyyar Nazi na yankin Munich, Paul Giesler, ya tara ɗalibai ya ce wa 'yan mata gara su riƙa haifa wa Hitila ɗa duk shekara da zaman aji, har da tayin ba su yaransa in sun rasa manema. Ɗalibai suka yi masa ihu, abin da ba a saba gani ba. Waɗannan abubuwa biyu suka sa su Hans suka ɗauka gari ya kusa wayewa. Suka fara fita da dare suna rubutu da kwalta a bangon jami'a da manyan tituna. Huber ya rubuta takarda ta shida, yana kiran ɗalibai su tashi.

Ranar Alhamis 18 ga Fabrairu, Hans da Sophie suka shiga babban ginin jami'a da akwati cike da takardu ana tsakiyar lacca. Suka ajiye su a bakin azuzuwa da kan matakala. Har sun kusa tsira, sai suka hau bene na sama da ragowar, Sophie ta tura tarin daga can suka warwatso tsakar ginin. Mai kula da ginin, Jakob Schmid, ya gani, ya tsare su. A aljihun Hans aka sami daftarin takarda ta bakwai da rubutun hannun Probst. Ya yi ƙoƙarin yayyaga ta, aka tattara guntayen. A ranar ce kuma Goebbels ya tsaya a Berlin yana tambayar dubban mutane ko suna son yaƙi gadan-gadan, suna amsa masa da sowa.

Kwana huɗu kacal. Ranar Litinin 22 ga wata aka kawo alƙali Roland Freisler daga Berlin, shugaban abin da suke kira Kotun Jama'a, mutumin da ya fi mai gabatar da ƙara zagin wanda ake tuhuma. Da rana aka yanke hukunci, da yamma wajen ƙarfe biyar aka fille musu kai da inji a kurkukun Stadelheim. Sophie tana da shekara 21, Hans 24, Probst 23 da 'ya'ya uku, matarsa tana kwance ba lafiya bayan haihuwa. Schmorell da Huber aka kashe su 13 ga Yuli, Graf kuma 12 ga Oktoba bayan an shafe watanni ana matsa masa ya ambaci sunaye ya ƙi. Jami'ar da suka zaci za ta tashi ba ta motsa ba. Taro ma aka yi na nuna biyayya, aka tafa wa Schmid, aka ba shi ladan Mark 3,000.

Ba su kaɗai ba ne, kuma ba su ne na farko ba. A Hamburg akwai Helmuth Hübener, yaro mai koyon aikin ofis. Tun ranar 1 ga Satumbar 1939 sauraron rediyon waje ya zama laifi a Jamus, yaɗa abin da ka ji kuwa yana iya kai ka ga kisa. Ku da kuke murɗa BBC da asuba kuna shan koko, ku auna wannan. Helmuth ya sami rediyon da yayansa soja ya kawo daga Faransa, yana sauraron BBC da dare, yana buga abin da ya ji da tafiretan cocinsu, abokansa uku suna tura takardun a akwatunan wasiƙa da rumfunan tarho. Wani a wurin aikinsa ya kai ƙara. Aka fille masa kai a kurkukun Plötzensee ranar 27 ga Oktobar 1942 yana da shekara 17, bayan shugaban cocin nasu ya riga ya kore shi daga jama'a. A Berlin akwai ƙungiyar Herbert Baum, matasa Yahudawa 'yan gurguzu da ake sa wa aikin tilas, waɗanda suka cinna wuta a wani baje kolin farfagandar ƙin Sobiyet a Mayun 1942. An kashe mafi yawansu, aka kuma harbe wasu Yahudawa 250 da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, wai ramuwa.

Akwai kuma 'yan Swing, su ma a Hamburg suka fi yawa, 'ya'yan masu hali. Su nasu laifin kiɗa ne. An hana sa kiɗan jazz a rediyon Jamus tun 1935 saboda wai na baƙar fata ne da Yahudawa, su kuwa yaran nan suna tara fayafayen garmaho, suna barin suma, suna sa kwat irin ta Ingila da laima a hannu ko ba hadari. Siyasa ba ta dame su ba. Amma a Agustan 1941 aka kama fiye da 300, a Janairun 1942 kuma Himmler ya rubuta wa Heydrich cewa a kai jagororinsu sansanin gwale-gwale shekara biyu zuwa uku, a fara da duka. Akwai sansanin Moringen na yara maza, da Uckermark na mata. Gwamnatin da ke yaƙi da Rasha da Birtaniya da Amurka a lokaci guda ta sami sukunin bin yara saboda rawa.

To yanzu mu zo kan 'yan Kolon, waɗanda saboda su na ɗauko zancen.

Ana kiran su Edelweisspiraten. Edelweiss wani ɗan farin fure ne da ke fitowa a kan duwatsu masu tsawo, wasunsu suna maƙala alamarsa a kwalar riga, piraten kuma 'yan fashin teku. Ba su da shugaba na ƙasa, ba su da ofis ko rajista. Gungu-gungu ne na yaran unguwa masu shekara 14 zuwa 18 a garuruwan masana'antu na yankin Rhine da Ruhr, kowane gari da sunan da suka raɗa wa kansu: na Kolon Navajos, na Düsseldorf da Oberhausen 'yan Kittelbach, na Essen Fahrtenstenze. 'Ya'yan leburori ne da suka bar makaranta a shekara 14 suka shiga koyon sana'a. Da yawansu iyayensu tsofaffin 'yan gurguzu ne ko 'yan ƙwadago da aka ɗaure tun 1933. Jean Jülich yana yaro ƙarami aka kama ubansa. Gertrud Koch, da ake wa laƙabi da Mucki, nata uban a sansani ya mutu.

Me suke yi? Da farko dai abin da yara ke yi. A haɗu a dandali da yamma, ranar hutu a ɗauki jita da jaka a fita bayan gari maza da mata tare, abin da Matasan Hitila suka haramta. Suna sa riga mai zanen dara da gajeren wando da ɗan ƙyalle a wuya. Suna ɗaukar waƙoƙin da kowa ya sani su canza baitocin su zagi Matasan Hitila. Su kuma Matasan Hitila suna da 'yan sintiri masu tare hanya suna tambayar takarda, sai a kaure da dambe. A wasu unguwanni ya kai ga ɗan sintiri ba ya iya bi shi kaɗai da kaki bayan magariba. Wanda aka kama a yi masa duka, a yi masa aski ƙwal-kwabo, a tsare shi ƙarshen mako, in ya maimaita a wuce da shi Moringen. A Disambar 1942 Gestapo ta yankin Düsseldorf ta fasa gungu 28 masu yara 739 a samame guda.

Da yaƙi ya tsananta, wasu daga cikinsu suka wuce dambe. Suna tsintar takardun da jiragen Birtaniya ke zubowa su tura a ƙofofin mutane, suna rubutu a bango da jikin taragon jirgi, suna miƙa wa fursunonin yaƙi da ma'aikatan tilas burodi. Mucki da abokanta sun watsa takardu a babbar tashar jirgin ƙasa ta Kolon. In ka lura, kusan abin da su Sophie suka yi kenan, sai dai nasu rubutun gajere ne, na yaron da bai karanta Goethe ko Aristotle ba.

Zuwa kakar 1944 Kolon ta zama kufai. Tun daren 30 ga Mayun 1942 da jiragen Birtaniya kusan dubu suka yi mata ruwan bama-bamai, ba ta ƙara hutawa ba. A ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na rusassun gidaje akwai sojojin da suka tsere, ma'aikatan tilas daga Rasha da Poland da suka gudu, Yahudawan da ke ɓuya, da ɓarayi na gaske. Duk wanda ba shi da katin rabon abinci, cin yau da gobe sai sata ko kasuwar bayan fage. A Ehrenfeld wani matashi mai shekara 23, Hans Steinbrück, wanda ya tsere daga sansanin da ake sa fursunoni tono bama-baman da ba su fashe ba, ya tara irin waɗannan mutane. Sun ɓoye Yahudawa da 'yan gudun soja. Sun tara bindigogi. Sun fasa rumbun ajiya sun kwashi man shanu mai yawa sun sayar. An yi harbe-harbe, an kashe mutane, ciki har da wani shugaban jam'iyyar Nazi na unguwa. Yaran unguwa irin su Barthel, waɗanda wasunsu suka yi yawo da 'yan Edelweiss, suka faɗa cikin wannan ayari. A Oktoba aka yi musu kamun kazar kuku. Ranar 25 ga watan aka rataye ma'aikatan tilas 11 'yan ƙasashen waje a wurin, su kam har yau ba kowa ke ambatonsu ba. Ranar 10 ga Nuwamba aka rataye su Steinbrück. Ko wata huɗu ba a cika ba sojojin Amurka suka shiga Kolon.

Bayan yaƙi, labarin Farin Wardi ya sami masu riƙe shi. Tun ana yaƙin ma an fitar da takarda ta shida ta hannun Helmuth von Moltke zuwa ƙasashen Sikandinebiya, ta isa Ingila, jiragen Birtaniya suka zubo miliyoyin kwafinta a kan Jamus a 1943. Marubuci Thomas Mann ya yabe su a BBC a shekarar. A 1952 yayarsu Inge Scholl ta fitar da littafi a kansu. Kuma Jamus ta Yamma tana neman irin wannan labari ido rufe: yara masu ilimi, masu addini, da ba su taɓa ɗaukar makami ba, ba 'yan gurguzu ba. Wallahi sun cancanci duk girman da aka ba su, ban rage musu ko ƙwayar zarra ba. Amma girmama su bai ci wa kowa tuwo a ƙwarya ba. Mutum zai iya cewa ai waɗannan na daban ne, waliyyai ne, ni talaka ina zan iya.

'Yan Edelweiss kuwa ƙaya ne a maƙogwaro. In yaron makwabcinka mai gyaran rufi, wanda bai gama sakandare ba, ya iya ba fursuna burodi ya ƙi sara wa tuta, to kai da kake babba a layin me ya hana ka? A ganina wannan tambayar ce ta sa aka fi son a bar su a 'yan iskan gari. Da dangin Barthel suka nemi a amince an zalunce shi ne don siyasa a biya su diyya, hukumar Kolon ta ƙi, kuma hujjarta fayil ɗin Gestapo da bayanan tsofaffin jami'anta. Wato wanda ya yi dukan, ya rubuta abin da yaro ya faɗa a ƙarƙashin dukan, shi ne kuma shaida. A daidai wannan zamani matar alƙali Freisler, wanda bam ya kashe a Berlin a Fabrairun 1945, tana karɓar fansho, har a 1974 aka ƙara mata bisa lissafin cewa da mijin ya rayu da ya sami aiki mai tsoka. Kuma babu alƙalin Kotun Jama'a ko ɗaya da kotun Jamus ta Yamma ta ɗaure har hukuncin ya tabbata. Shi ya sa ni dai, a kowace ƙasa ce, in na ji sanarwar hukuma ta ce waɗanda aka kama ɓata-gari ne, nakan so in san wa ya rubuta fayil ɗin kafin in gyaɗa kai.

Sai dai kada wani ya ɗauka ina wanke su tas. Masana tarihi a Jamus sun daɗe suna jayayya a kan Ehrenfeld: nawa ne turjiya, nawa ne neman abinci, nawa ne ta'asa kawai, kuma shin yaran shida 'yan Edelweiss ne sosai ko sun dai yi mu'amala da su. Akwai yaran da dambe kawai ya kai su, ba wata aƙida. Bayan yaƙi ma an sami gungun matasa masu amfani da sunan suna far wa 'yan Poland da aka 'yanto, sojojin mamaya suna kama su. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sai mai tsabtataccen tarihi da iya rubutu ne turjiyarsa ke shiga lissafi. A ƙasar da ba wa mai yunwa burodi laifi ne, ɓoye makwabci laifi ne, murɗa rediyo laifi ne, kalmar "mai laifi" ta riga ta tashi daga aiki. Wanda zai ciyar da mutum biyar da ke ɓoye a rami ba tare da katin abinci ba, ta ina zai samo in bai karya doka ba?

Wani zai ce to me suka cimma? In ana maganar kifar da gwamnati, babu. Duk a haɗe ba su rage yaƙin da kwana ɗaya ba, sojojin Sobiyet da Amurka da Birtaniya ne suka kawo ƙarshen Hitila. Kuma su 'yan tsiraru ne ƙwarai, dubbai a cikin miliyoyi, yawancin sa'anninsu sun yi biyayya har ƙarshe, wasu sun mutu da bindiga a hannu a titunan Berlin suna shekara 15. Amma gwamnatin ba ta raina su ba. Ranar 25 ga Oktobar 1944, sojojin Amurka sun riga sun kama Aachen, na Sobiyet suna bakin Prussia ta Gabas, Himmler ya fitar da umarni na musamman a kan yaƙi da gungun matasa. Yaran nan a ƙarƙashin Hitila suka yi wayo, makarantarsa suka yi, waƙoƙinsa suka haddace, ba su san wani mulki ba sai nasa. Su ne aka ce za su riƙe daular shekara dubu.

Amincewar ma daga waje ta fara zuwa. A 1984 cibiyar Yad Vashem ta Isra'ila ta sa Barthel Schink da Jean Jülich da Michael Jovy cikin jerin waɗanda suka taimaki Yahudawa, alhali a takardun garinsu ba a sauya komai ba. Jülich da Mucki da Fritz Theilen suka yi ta zagaya makarantu suna ba da labari, suna rera tsofaffin waƙoƙinsu. Sai a Yunin 2005 shugaban gundumar Kolon, Jürgen Roters, ya amince a hukumance cewa 'yan turjiya ne, a shekarar da fim ɗin kwanakin ƙarshe na Sophie Scholl ya fito ya zagaya duniya. Jülich ya rasu a 2011, Mucki a 2016 tana da shekara 92. Traute Lafrenz, ta ƙarshe da ta rage cikin 'yan Farin Wardi, ta rasu a Amurka a Maris ɗin 2023 tana da shekara 103.

Wanda Allah ya kai shi Kolon, hedikwatar Gestapo da ake kira EL-DE Haus tana nan, bama-bamai sun rushe unguwar sun bar ta a tsaye, yanzu gidan tarihi ce. A ɗakunan tsare mutane na ƙasa akwai rubuce-rubuce kusan 1,800 da fursunoni suka bari a bango da fensir, ƙusa ko farce, da yawa da Rashanci. Daga nan in ka hau jirgi zuwa tashar Ehrenfeld, titin da ke bin gefen layin dogon yanzu sunan Barthel gare shi, Bartholomäus-Schink-Straße, kuma duk 10 ga Nuwamba da yamma mutanen unguwa sukan yi tattaki cikin shiru zuwa wurin.